Abin da Dada Ta Gaya wa Tukunya

Wuta ta sake ɗaukewa. Fankar da ke saman shagon buga takardu ta yi juyin ƙarshe cikin kasala ta tsaya, gilashin kwamfutar ya yi baƙi, aka bar Nuriyya tana kallon inuwar fuskarta a ciki. Fuskar wadda ta gaji ce. A waje ruwan Yawunde yana zuba a kan kwanon rufi, irin ruwan nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa, hayaƙin masu tsiren bakin titin Briketeri yana shigowa ta ƙofa a jiƙe.

"Kin adana aikin kafin ta ɗauke?" in ji Ja'afar.

"Ban sani ba, Malam. Ban ma damu ba."

"Kin damu mana. Da ba ki damu ba, da ba ki tauna murfin birona har ya tsage ba. Ba ni kayana."

Ta miƙa masa jan biron ba tare da ta kalle shi ba. Ja'afar malamin Ingilishi ne a wata makarantar yamma a unguwar Tsinga. Bahaushen Bamenda ne, ɗan unguwar Abakwa, ya sauko Yawunde lokacin da rikici ya sa zaman can ya gagara. Ita kuwa Nuriyya da Faransanci ta yi boko tun daga ajin farko. Ingilishinta a littattafan gwanjo ta tsince shi, waɗanda ake shimfiɗawa a bakin hanya, wasu ba bango, wasu ba ƙarshe. Da wannan Ingilishin ta rubuta gajeren labari a kan uwa da 'yarta, ta aika wa wata mujallar matasa a garin Buea. Suka ce za su buga in ta gyara alamomin rubutun. Buea ɗin ma can za ta tafi ranar Asabar, karatun tafinta.

Gyaran ne ya zame musu jidali. Kwamfutar shagon Faransanci kaɗai ta sani. Duk lokacin da Nuriyya ta danna alamar zance, sai na'urar ta mayar da ita 'yan kibiyoyin nan na Faransawa, ta kuma ƙara fili gaba da baya, sai an koma an cire su ɗaya bayan ɗaya.

Ja'afar ya jawo takardun da suka buga jiya ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. "Tunda wuta ta ba mu hutu, zo mu sake. Ingilishi ba ya son kibiya, Madmazel. 'Yan ƙugiyoyi biyu ne a sama, ki buɗe, mutum ya yi maganarsa, ki rufe. Waƙafi kuma a ciki yake zama kafin ki rufe. Ke kullum sai ki bar shi a waje kamar takalmi a ƙofar masallaci."

"Haka aka koya mana."

"Can ne aka koya muku. Dubi alamar tambayar nan. Me ya sa ta tsaya nesa da kalmarta? Surukai ne? Manna su. Kuma duk wanda ya buɗe baki a ba shi sabon layi, ko da tari ya yi. Nan kin cusa mutum uku a layi ɗaya kamar taksin kasuwar Mokolo."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ba ta kai ciki ba. Ta san sauran abin da ke tafe, domin ta karanta saƙon editan a wayarta har ta haddace.

Ja'afar ya juya zuwa shafin ƙarshe. "Saura babban. Editan ya ce uwar da ke labarin nan ba ta da magana ko ɗaya a cikin alamar zance. Daga farko har ƙarshe sai dai: uwar ta ce a gaya mata kaza, uwar ta aiko cewa kaza. Ya ce a wurin rabuwa, aƙalla, ki ba ta layi ɗaya. Ta kalli 'yarta ta yi mata magana da bakinta."

"Na gani."

"To, ki rubuta mana. Ki buɗe ƙugiya, ki sa ta ce, 'yata, Allah ya kiyaye hanya, ki rufe. An gama."

"Ba za ta ce ba."

"Wa? Ta cikin labarin, ko ta gida?"

Nuriyya ta kalli ruwan da ke gangarowa da jar ƙasa ta gaban shagon. Ita 'yar fari ce. Mahaifiyarta, wadda suke kira Dada, Bafulatanar Garwa ce da ta auri Bahaushe mai sayar da atamfa a unguwar nan, Allah ya jiƙansa. Dada ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunan Nuriyya ba, ba ta taɓa fuskantar ta ta ce mata ke ba. Waccan ce, ko mai karatu, ko mutanen ɗakin can. In akwai saƙo sai a bi ta kan ƙanwarta Salamatu. In Salamatu ba ta nan, bango ma ya isa ɗan aike.

"Ban san yadda muryarta take ba in ta juyo gare ni," ta ce a hankali. "Ta yaya zan rubuta abin da ban taɓa ji ba?"

Ja'afar ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya ga idonta, ya mayar da murfin bironsa da ya tsage.

Da ta koma gida ta gwada. Ta zauna a bakin gado, kusa da jakar tafiyarta da ke buɗe rabi a cike, tana rubutawa a waya tana gogewa. Salamatu tana kan keken ɗinki tana haɗa wata riga, ta leƙo ta kafaɗarta.

"Fassara mini, Yaya. Me uwar ta ce?"

"Ba ruwanki."

"Wallahi sai kin fassara, in ba haka ba rigar tafiyarki hannu ɗaya zan sa mata."

Nuriyya ta ja numfashi. "Ta ce, 'yata, ke ce hasken idona."

Salamatu ta kwanta a kan keken tana dariya har zare ya tsinke. "Dada? Dadarmu ta gidan nan? Hasken ido! Sai dai in an musanya mana uwa a kasuwa. Jiya fa cewa ta yi in gaya wa waccan ta daina karatu a duhu, ba mu da idon aro. In kina neman hasken ido, ga shi nan, shi ke nan rabonki."

"Ke ai ba ki da matsala. Ke ana kiran sunanki."

"Ana kira kam. Salamatu ɗebo ruwa, Salamatu kin ƙona miya, Salamatu don ubanki. Zo mu yi musaya."

Nuriyya ba ta yi dariya ba. Ta goge layin. Can ta ce, "Gobe ba za ki kai wa matar nan ta unguwar Elig-Edzoa ɗinkinta ba?"

"Zan kai."

"Ki daɗe."

Salamatu ta dube ta, dariyar ta bar fuskarta. "Yaya, kada ki matsa mata. Kin san tansiyonta, hawan jinin nan."

"Layi ɗaya nake so, Salamatu. Ba don mujallar ba ma. Zan hau mota in tafi inda ban san kowa ba, in sanyin dutsen Buea ya kama ni ina so in tuna wani abu da ta ce mini. Ni. Ba bango ba."

Washegari da hantsi gidan ya rage su biyu. Dada tana madafi a kan 'yar kujera, ta ɗora miyar yakuwa, tana jiran ruwan tuwo ya tafasa. Doguwar mace ce siririya, ta yafa gyale ko a cikin gida. Nuriyya ta ɗauko tabarma ta zauna dab da ita, inda ba ta saba zama ba.

"Dada, sannu da aiki."

Dada ta gyara itace a murhu. "Yau mutanen ɗakin can sun fito shan hayaƙi," ta ce wa wutar.

"Ranar Asabar zan tafi."

"An ji."

"Me kike so in tafi da shi?"

Dada ta buɗe tukunyar miya ta juya, ta ɗanɗana a tafin hannu. "An ce garin can ruwa ba ya ɗaukewa," ta ce wa tukunyar. "Mutum ya tashi tafiya, ya cika jaka da littattafai, ko rigar sanyi babu. In mura ta kama shi sai ya lulluɓa da takarda."

"Zan saya, Dada. Me kuma?"

"Gishiri bai ji ba," in ji Dada, ta miƙa hannu wajen gwangwani.

Haka suka yi ta yi. Nuriyya ta tambayi sunan maganin ciwon ciki da ake jiƙawa, aka gaya wa ludayi. Ta tambayi ko ta riƙa kiran waya kullum, aka gaya wa kyanwar maƙwabta da ta leƙo cewa masu waya su riƙa kiran Salamatu, ita ce mai kunnen jin surutu. Ruwa ya tafasa, Dada ta zuba gari ta kama muciya. Gajiya ta sauko wa Nuriyya tun daga wuya har gwiwa, gajiyar da ta fi ta kwamfuta da wutar da ke ɗaukewa, gajiyar shekarun da ta yi tana tsintar maganar uwarta a bakin wasu.

"Dada!" Muryarta ta fashe. "Ba kowa a gidan nan sai ni. Ba Salamatu, ba Baba. Tukunya ba ta da kunne. Ni ce a nan, ni kika haifa. Ko zagi ne ki zage ni, amma ki kalle ni ki yi."

Muciyar ta tsaya. Tuwon ya yi ta huci shi kaɗai. Nuriyya ta rufe bakinta da hannu, don ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Dada ba, ta jira faɗa.

Dada ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da tuƙi a hankali, idonta a cikin tukunyar.

"Ke tukunya," ta ce, "mai tuƙa tuwon nan ma 'yar fari ce. Ita ma ta yi irin wannan kukan a bayan ɗaki, a Garwa. Uwarta ba ta taɓa ce mata ke ba. Ta yi aure, ta zo Yawunde, ta haihu, ba a ce ba. Sai wata shekara aka aiko cewa tsohuwa ba lafiya. Ta hau jirgin ƙasa, ta ƙarasa da mota. Tana shiga ɗakin, tsohuwa ta ɗago kai ta ce, Jaratu. Da bakinta ta faɗi sunan. Ta kama hannunta ta yi mata magana, ido cikin ido, magana mai daɗi, irin wadda ake jira tun ana goye."

Ta kwashe tuwon malmala ɗaya, ta ajiye a kwano.

"Kafin la'asar an yi wa tsohuwa wanka."

Nuriyya ba ta motsa ba.

"Ki gaya wa masu gaggawa, tukunya, maganarsu tana nan an ajiye musu. Ba ta ruɓewa. An san ranar da ake yin ta. Ba a dai so ranar ta zo yanzu, ana so a ga takardar karatun da za a je nema."

Sai a lokacin Nuriyya ta lura da ƙafafun Dada. Sun kumbura har silifas ɗin ya yi musu zane. A kan taga ga ledar ƙwayoyin tansiyo, ga kofin da take shan su da shi. Kullum suna nan, ita ce dai ba ta duba ba, tana can tana neman layi ɗaya. Ta tashi ta karɓi marar kwasar tuwon daga hannun Dada. Dada ta sakar mata ba tare da ta kalle ta ba.

Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci wuta ta dawo, suka koma shagon. Nuriyya ta zauna ta buga shafin ƙarshe da kanta. Na'urar ta kawo kibiyoyinta, ta cire su, ta sa ƙugiyoyin Ingilishi. Ta buɗe, ta rubuta maganar rigar sanyi da lulluɓa da takarda kalma bayan kalma yadda ta fito daga bakin Dada, ta sa waƙafi a ciki, ta rufe. A bayansa ta rubuta: in ji uwar, tana gaya wa tukunya. Ta koma farkon labarin ta yi wa sauran haka. Abin da uwar ta gaya wa bango ta sa shi a alamar zance, ta ce bango aka gaya wa. Na kyanwa ma haka. Kafin ta gama, uwar da ba ta da murya ta fi kowa magana a labarin. Abin da ya faru a Garwa ne kaɗai ba ta rubuta ba.

Ja'afar ya karanta a tsaye, jan biro a hannu, bai sami inda zai taɓa ba sai wata aya guda da ta manta.

"Alamomin sun zauna," ya ce. "Amma editan cewa ya yi ta yi wa 'yar magana. Wannan tukunya ta yi wa."

"Na sani."

"In ya ƙi bugawa fa?"

"Ya bari, Malam. Na gaji. Ba zan sa mata abin da ba ta ce ba, wanda za ta ce kuma ba na gaggawarsa."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ta danna ta aika. Suka fito bakin titi inda teloli suka fara buɗe shaguna bayan salla, ƙamshin tsire da na turaren wuta suka cakuɗe. Ja'afar ya juya biron a yatsunsa, sannan ya miƙa mata.

"Riƙe. Ai kin riga kin tauna shi, ba mai saye." Ya kalli wani wuri can bayan kanta. "In kin isa ki riƙa rubuto saƙo. Ko ba waƙafi zan karanta."

Ta karɓa. Da wata rana ce da zuciyarta ta yi tsalle, da ta kwana tana juya maganar. Yau sai ta ji ta kamar ruwan ɗumi a kan gajiyayyar ƙafa, ta ce to, ta sa biron a jaka.

Asabar ta waye da yayyafi. Salamatu ta gama rigar da hannu biyu cif, ta fita babban titi neman taksin da zai kai su tashar motoci ta Mvan. Nuriyya tana tsakar gida tana ɗaure jaka sai ga Dada ta fito daga ɗaki, tana takawa a hankali saboda ƙafafun. Ta rungumo ƙunshin kilishi da wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka, ta marigayi Baba, an wanke ta an ninke.

Ta ajiye su a kan jakar. Maimakon ta juya ta koma kamar kullum, sai ta tsaya. Ta ɗago kai. Ta kalli Nuriyya a fuska.

Nuriyya ba ta taɓa ganin idon uwarta daga gaba ba. Ashe ruwan ƙasa ne mai haske, ashe akwai ɗan farin zobe a gefensa, ashe sun yi ja kamar na wadda ba ta yi barci ba. Dada ta miƙo hannu ta kama wuyan hannunta. Tafin yana da zafi. Leɓɓanta suka motsa, ta ja numfashi irin na mai shirin magana.

Abin da Nuriyya ta yi shekaru tana roƙo ga shi ya taso, ita kuma ba abin da take gani sai wani ɗaki a Garwa da ba ta taɓa shiga ba.

"Salamatu!" Ta ƙwala kira. "Salamatu, zo! Dada tana da saƙo!"

Salamatu ta shigo da gudu, gyalenta a jiƙe. "Lafiya? Ga taksi can yana ta hon, ya ce in ba mu fito ba zai ɗauki wasu."

Nuriyya ta sunkuyar da kai tana kallon silifas ɗin Dada. "Ki karɓi saƙon," ta ce. "Ki gaya mini a mota."

Hannun Dada ya ƙara matse na Nuriyya, sosai, har ta ji ƙashi. Sannan ya saki. Dada ta gyara gyalenta, ta juya wajen Salamatu, wani abu mai kama da murmushi ya gifta a gefen bakinta.

"Ki ce wa mai tafiya," ta ce, "kilishin nan na hanya ne, ba na rabo ba ne. Rigar kuma aro ce. A dawo da ita."

"Kin ji dai, Yaya," in ji Salamatu, ta sungumi jakar. "Aro ce. Mu je kafin mutumin nan ya kashe mu da hon."

Nuriyya ta sa rigar a kan sabuwar rigarta. Hannayen sun yi mata tsawo, ta naɗe su. A bakin ƙofa ta waiwaya. Dada ta riga ta juya baya ta nufi madafi, tana jan ƙafa, tana gaya wa murhu cewa itacen bana duk jiƙaƙƙe ne.